Yadda Yini Yake Wucewa a Gidan Kula da Tsofaffi: Tambayoyi da Amsoshi

Ziyara ce ta fara kai ni gidan kula da tsofaffi, lokacin da wani kawuna ya koma can bayan ya samu shanyewar ɓarin jiki. Bayan ya rasu ƙafata ba ta ɗauke ba, har na zama ɗaya daga cikin masu sa kai da ke taya ma'aikata shirya wa mazauna gidan abin yi. Tambayoyin nan 'ya'ya da jikoki ne suka riƙa tare ni da su, yawanci a bakin ƙofa, bayan sun yi wa tsohonsu sallama sun fito zuciya ba daɗi. Gidaje sun sha bamban wajen kayan aiki da yawan ma'aikata, amma tambayoyin kusan ba sa canzawa.

Yaya yini yake tafiya a irin wannan gida?

Tun gari bai gama wayewa ba ake farawa. Ma'aikatan dare suna miƙa wa na safe aiki, suna faɗa musu wanda bai runtsa ba, da wanda ya ƙi shan magani, da wadda ta kwana kiran sunan wani da ba wanda ya san shi. Daga nan sai wanka, da sa tufafi, da rabon magani, da karin kumallo. Da hantsi ne yawancin tsofaffin suka fi kuzari, shi ya sa a nan ake sa motsa jiki da zaman hira. Bayan abincin rana gidan kan yi tsit, wasu su kishingiɗa, wasu su yi ta gyangyaɗi a kujera. Baƙi sun fi zuwa da la'asar. Abincin dare da wuri ake ci, kuma da yawansu da wuri suke neman makwanci su farka tun asuba, domin lokacin barcin mutum yana matsowa gaba idan shekaru suka ja.

Wannan shi ne abin da za ka gani a manne jikin bango. Abin da ba a rubuta ba shi ne yawan jira. Jiran a zo a tashe ka, jiran a tura kekenka zuwa ɗakin cin abinci, jiran wani ya gifta ka roƙe shi ya miƙo maka tabarau. Mutumin da ya shekara hamsin yana buɗe ƙofar gidansa da hannunsa, yau sai ya danna ƙararrawa kafin ya zaga bayan gida. Duk mai son gane dalilin fushin tsoho a irin wannan wuri, ya fara ƙirga masa awoyin da yake kashewa yana jira.

Da me zan gane gida mai kyau tun kafin in kai mahaifina?

Kada sabon fenti da furannin bakin ƙofa su ɗauke maka hankali. Tambayi shugabar ma'aikata, "Idan Baba ya ce yau ba zai tashi ba sai ƙarfe goma, me za ku yi?" In ta ce za a ajiye masa karin kumallonsa, alama ce mai kyau. In ta ce ai ƙa'ida ce kowa ya fito ƙarfe bakwai, to ka san don sauƙin ma'aikata aka tsara jadawalin. Sannan ka zuba ido. Suna ƙwanƙwasa ƙofa kafin su shiga ɗakin mutum? Suna rusunawa daidai fuskar wanda ke kan keke, ko daga sama suke jefo masa magana? Ka kuma je sau biyu, ɗaya da hantsi, ɗaya da magariba. Gidan hantsi daban, na magariba daban.

Gaskiya ne zama kawai suke yi a gaban talabijin?

A gidaje da dama gaskiya ne, ba zan ɓoye ba. Kunna talabijin ba ya cin ma'aikaci. Amma inda ake ƙoƙari za ka tarar da motsa jiki daga zaune, da ban ruwan shuke-shuke, da saƙa, da wasan kati, da karanta wa masu raunin ido jarida, da rera waƙa tare, da lokacin ibada ga kowa bisa addininsa.

Abin da na daɗe ban gane ba shi ne bambancin abin yi da abin ɓata lokaci. Akwai wani dattijo, tela ne a zamaninsa, da muka yi ta fama da shi ya shiga ajin zane. Aka ajiye masa takarda da fensira masu launi, ya ture su da bayan hannu ya ce, "Ni kuka mayar ɗan firamare?" Muka ɗauka taurin kai ne. Rannan mai wanki ta zo wucewa da kwandon riguna, ya hango wata da maɓallinta ke reto, ya ce ta miƙo. Hannunsa na rawa, sai da aka zura masa zare a allura, amma ɗinkin da ya yi ba mai iya kushe shi. Tun daga ranar duk rigar da ta yage a gidan wurinsa ake kai ta, kuma yakan yi faɗa in an kawo masa zaren da bai shiga da yadin ba. Faɗan nan nasa ya fi mana shirunsa na da daɗi nesa ba kusa ba.

A 1991 wani matashin likita mai suna Bill Thomas ya kama aiki a wani gidan tsofaffi a garin New Berlin da ke jihar New York a Amurka. Ya lura abubuwa uku ne ke cin mutanen gidan fiye da cututtukan da ke rubuce a katinsu: kaɗaici, da gundura, da jin cewa ba ka iya yi wa kanka ko wani komai. Sai ya shigo da karnuka biyu da kuliyoyi huɗu da tsuntsaye ɗari, ya zuba tsirrai a ɗakuna, ya buɗe wa yara ƙofa. Tsarin da ya fito daga nan shi ake kira Eden Alternative. Ba kowane gida ne zai iya riƙe tsuntsu ɗari ba, amma dabarar a fili take: tsohon da kullum shi ke jira, a sama masa wani abu da shi ma zai riƙa jiransa.

Wanda ba ya iya ko tashi tsaye, wane zaɓi ya rage masa?

Da yawa, in an bar masa. Wace riga zai sa, a buɗe taga ko a rufe, wanka da safe ko da yamma, kusa da wa zai zauna wajen cin abinci. Ɓalla maɓallin riga zai iya ɗaukar sa minti goma, ma'aikaci mai sauri ya gama masa cikin daƙiƙa talatin, amma in aka yi masa haka wata uku yatsun sun manta aikin ke nan.

A 1976 wasu masana halayyar ɗan'adam biyu, Ellen Langer da Judith Rodin, suka gwada wannan a wani gidan tsofaffi a jihar Connecticut. Mutanen bene guda aka ce musu al'amuransu a hannunsu suke: kowa ya zaɓi shukar da yake so ya riƙa ba ta ruwa, ya kuma zaɓi daren da zai kalli fim. Na wani benen su ma aka ba su shuka, amma aka ce ma'aikata za su kula da ita, kamar yadda za su kula musu da komai. Cikin makonni uku rukunin farko suka fi walwala da shiga mutane. Bayan wata 18 aka koma, aka tarar kashi 15 cikin ɗari na rukunin farko sun rasu, na biyun kuwa kashi 30. Mutanen da aka yi binciken a kansu ba su kai ɗari ba, don haka alƙaluman mutuwar ba abin ɗora wa kaya mai nauyi ba ne. Batun walwalar dai duk wanda ya yi aiki a gidan tsofaffi ya gan shi da idonsa.

Me ya sa mahaifiyata take tuna sunan malaminta na firamare, amma ta manta na zo jiya?

Tun a 1881 wani masani Bafaranshe, Théodule Ribot, ya bayyana cewa idan ƙwaƙwalwa ta fara samun matsala sabon abu ne ke fara zubewa, tsoho ya daɗe yana nan. Sabon abu sai ya bi ta wani ɗan sashe can cikin ƙwaƙwalwa da ake kira hifokamfus kafin ya samu wurin zama, kuma sashen nan yana cikin wuraren da cutar Alzheimer, mai jawo mantuwa, ke fara ci. Tsofaffin labarai kuwa tuni suka yi saiwa a wasu sassan, ga shi an bi ta kansu sau ɗaruruwa. Zuwanka na jiya tun farko bai samu shiga ba, balle a ce ta yar da shi. Kada ka ɗauka rashin damuwa da kai ne.

Ko mai cikakkiyar lafiya ma, tunawarsa ba daidai take rabuwa a kan shekarunsa ba. Binciken da David Rubin da abokan aikinsa suka yi a shekarun 1980 ya nuna cewa in aka ce wa mai yawan shekaru ya kawo abubuwan da yake tunawa, kaso mai tsoka yakan fito ne daga tsakanin shekara 10 zuwa 30 na rayuwarsa. Shekarun karon farko ke nan: barin gida, aikin farko, albashin farko, soyayya, aure, ɗan fari. Wannan lissafi ne mai amfani ga mai ziyara. Wadda aka haifa a 1940, rumbunta yana tsakanin 1950 da 1970, can za ka nufa in kana son bakinta ya buɗe.

Yawan zancen da ba alamar gigin tsufa ba ne?

Har likitoci haka suka ɗauka a wani zamani, ana ma kwaɓar tsofaffi wai su daina zama a baya. A 1963 wani likitan ƙwaƙwalwa Ba'amurke, Robert Butler, ya rubuta maƙalar da ta juya tunanin mutane, inda ya ce bitar rayuwa abu ne na ɗabi'a ga wanda ya ga ƙarshe ya matso: yana jera abin da ya yi, yana auna shi, yana neman sulhu da abin da ya gagara gyaruwa. Kafin shi wani masanin halayyar ɗan'adam, Erik Erikson, ya ce aikin zangon ƙarshe na rayuwa shi ne mutum ya dubi tafiyarsa ya iya karɓar ta, in ba haka ba ya nutse cikin da-na-sani.

Ciwon mantuwa wani abu ne daban, kuma cuta ce, ba dole ne duk tsoho ya same ta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu ɗauke da shi sun haura miliyan 55, ana samun sababbi kusan miliyan 10 duk shekara, kuma cutar Alzheimer ce ke jawo kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari. Abin da ya kamata ya kai ka wurin likita shi ne ɓacewa a hanyar da ya sani, kasa ƙirga kuɗi, tambaya ɗaya duk bayan minti biyar, ko ganin abu a hannunsa ya rasa amfaninsa. Labarin samartaka ba ya cikin wannan jerin.

Yaya ake gudanar da zaman tuna baya?

Mutum biyar zuwa takwas sun isa, a zagaye tebur a ɗakin da ba hayaniya, kuma kada a wuce awa guda. Da kaya ake buɗe shi, tambaya daga baya take zuwa. A ɗora wani abu a tebur a bar shi ya zaga hannu zuwa hannu: tsohuwar rediyo mai batir, fitilar kananzir, kaset, kuɗin da aka daina karɓa, hoton wata tasha a shekarun baya. Hannu yana riƙe abin da baki ya saki. Na ga wata tsohuwa da ta yi makonni ba ta haɗa kalma uku ba, aka ɗora mata dutsen guga na gawayi a cinya, ta ɗaga shi ta kai kusa da kumatu kamar mai jin zafinsa, ta ce, "Bai yi ba tukuna." Nan take hira ta ɓarke, kowa da yadda yake hura gawayinsa, har aka shiga musu kan wanda ya fi ƙona rigar mutane.

Ƙamshi ma haka yake aiki, ko fiye. Hanyarsa daga hanci gajeriya ce zuwa sassan ƙwaƙwalwa masu kula da tunawa da motsin zuciya, shi ya sa ƙamshin wani tsohon sabulu ko na man keken ɗinki kan dawo da ɗaki guda da mutanen cikinsa.

Aikin mai jan zaman biyu ne: ya hana mai baki cinye filin, ya kuma kama nasa bakin. In Baba ya ce a 1962 abin ya faru, kai kuwa ka san 1965 ne, bar shi, ba kotu ake ba.

Kada dai a ɗauke shi magani. A 2018 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tattara binciken lafiya da tace shi, ta duba bincike 22 da suka shafi masu ciwon mantuwa kusan 2,000. Ta samu ɗan amfani wajen jin daɗin rayuwa da iya magana da mutane da kaifin tunani, kuma amfanin ya fi fitowa a gidajen kula da tsofaffi. Ɗan kaɗan ne, kuma ba ya tsayar da cutar. Ni dai awa guda da mutum ya dawo kansa ba ƙaramin abu ba ce a wurina.

Labari ɗaya yake ba ni duk zuwan da na yi. In ce masa na riga na ji?

In ciwon mantuwa ne, bai san ya ba ka ba, kuma "ai ka faɗa min" ba abin da za ta ƙara masa sai kunya. In kuwa lafiyarsa lau, ya sani sarai, sau da yawa akwai abin da ke ƙasan labarin ne da bai samu fita ba.

Wani tsohon direban babbar mota ya ba ni labarin daren da ruwa ya cinye gada, ya taka birki saura ƙiris ya afka, ya fi sau ashirin. Har na haddace inda zai tsaya ya bugi cinya. Rannan, don gajiya ba don wata hikima ba, na ce, "Baba, wa ke gefenka a motar daren nan?" Ya yi shiru har na ɗauka bai ji ba. Can ya ce yaron motarsa ne, shi ne ma ya fara hango ruwan ya kwarma ihu. Shekara tara suka yi tare, suka rabu a kan wata 'yar rigimar kuɗi, bai sake sa shi a ido ba. "Ko na gode ban ce masa ba," in ji shi. Ashe kullum labarin gadar nan yake bi ya zo bakin wannan maganar, sai ya juya.

Saboda haka tsohon labari a yi masa sabuwar tambaya. Wa ke wurin? Me kika sa ranar? Da kuka koma gida me mahaifinki ya ce?

In ta ɗauki jakarta ta ce gida za ta, ko ta tambayi mijinta da ya rasu tuntuni fa?

Wannan ya fi faruwa daga la'asar sakaliya zuwa magariba. Masu ciwon mantuwa da yawa hankalinsu kan tashi a daidai wannan lokaci. Gajiyar yini ta taru, haske ya ragu inuwa ta yi yawa, ga ma'aikata suna canjin aiki, suna saɓa jakunkuna suna sai da safe. Matar da ta shekara arba'in tana hanzarin komawa gida ta ɗora tukunya a wannan lokaci, jikinta ne ke gaya mata ta makara.

A nan na taɓa tafka kuskuren da har yau yake damuna. Wata dattijuwa ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗan nan, maigidana bai dawo ba?" Ni kuma da son faɗin gaskiyata na ce, "Mama, ai ya rasu, shekara goma sha ɗaya ke nan." Ta ji shi kamar yanzu aka aiko mata da saƙon mutuwar. Ta yi kuka har aka kai ta ɗaki. Da safe ta manta dalilin kukan amma nauyinsa bai sauka ba, ta ƙi taɓa abinci. Da yamma ta sake riƙe hannuna ta yi min tambayar.

Naomi Feil, wadda ta girma a gidan tsofaffin da iyayenta ke aiki a birnin Cleveland na Amurka, ta shafe rayuwarta tana koyar da wata hanya: a amsa wa abin da ke zuciyar mai tambayar. Mai neman mijinta kewa ce ke damunta, ko tsoro. Sai ka ce, "Kin yi kewarsa ko, Mama? A ina kuka fara haɗuwa?" Ba ka yi ƙarya ba, ba ka kuma caka mata wuƙa ba. Mai son tafiya gida kada ka tare mata ƙofa, jera da ita ku taka, ka tambaye ta yara nawa ne, wa ya fi rigima a cikinsu, sannan ka roƙe ta ta taya ka jera kofuna. Ma'aikata sun rabu kan ko ya halatta a ce "ya tafi kasuwa, yanzu zai dawo." Ni ba na faɗa, domin wani lokaci hankalin kan dawo farat ɗaya, ta kama ka. In kuma ta dube ka ido cikin ido ta ce, "Ya rasu ne?" to ta riga ta sani, ka amsa mata a hankali ka zauna tare da ita.

Me ya sa wanda ya daina magana yake iya rera waƙa?

Waƙar da mutum ya daɗe da sani ba a wuri ɗaya take ajiye da sunaye da ranaku ba. A 2015 masu bincike a cibiyar Max Planck da ke Leipzig a Jamus suka nuna cewa sassan ƙwaƙwalwa da ke riƙe sanannen kiɗa suna cikin waɗanda cutar Alzheimer ke jinkirin taɓawa. Haka abin yake da addu'o'in da aka haddace tun ƙuruciya. Sharaɗin kawai waƙar ta zama tasa, ta shekarun nan na 10 zuwa 30. Kiɗan da ma'aikaci ya kunna don jin daɗin kansa hayaniya ce a kunnen tsoho.

Tono abin da ya wuce ba ya fama tsohon miki?

Yana famawa. A kowane tebur akwai wanda ya ga yaƙi, da wadda ta binne ɗa, da wadda aurenta kurkuku ne. Hawaye ba laifi ba ne, kada a yi saurin cewa "bar kuka" a canza zance. Amma shiru ma haƙƙin mutum ne, wanda ya ce ba ya son zancen a ƙyale shi. Dangi su sanar da ma'aikata wuraren da ba a takawa.

In aka ga ya daina barci, ya janye daga mutane, yana ƙin abinci, ko yana cewa gara ya mutu ya huta, a gaya wa nas ko likita ranar. Ciwon damuwa yana da yawa a gidajen tsofaffi, ana yawan ɗaukar sa halin tsufa, alhali yana jin magani.

Ba gara ya zauna wuri ɗaya ba, kada ya faɗi?

Tsoron yana da tushe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 28 zuwa 35 cikin ɗari na waɗanda suka kai shekara 65 suna faɗuwa duk shekara, a gidajen kulawa kuwa abin kan kai kashi 30 zuwa 50. Sai dai zaman shi ke narkar da naman ƙafa, ranar da ya miƙe sai ta kasa ɗaukar sa. Hukumar ta ba da shawarar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, da atisayen ƙarfi da na daidaita tsayuwa aƙalla kwana uku, wanda bai iya kai wannan ba ya yi gwargwadon ƙarfinsa. A aikace wannan na nufin tashi da zama daga kujera sau biyar, ɗaga dunduniya ana dafe da tebur, takawa zuwa ƙarshen baranda a dawo. A duba masa takalmi, da hasken hanyar banɗaki, da magungunan da ke sa jiri.

Jiya lafiya lau muka yi hira, yau bai san inda yake ba. Ciwon ne ya ci gaba?

Ciwon mantuwa a hankali yake tafiya, cikin watanni da shekaru. Ruɗewar da ta zo cikin yini ɗaya ko biyu alama ce ta wani abu a jiki: cutar mafitsara ko ta huhu, ƙarancin ruwa, taurin bahaya, zafin ciwon da ya kasa faɗa, ko sabon magani. Tsofaffi ba sa jin ƙishirwa kamar matasa, wasu kuma da gangan suke ƙin sha don gudun yawan kiran ma'aikaci. Ka matsa a duba shi ranar, kada a ce maka ai tsufa ne.

Kafin nan ma duba abu mai sauƙi. Tabaransa na idonsa? Batirin na'urar jinsa bai mutu ba? Na ga wanda aka yi wa kallon ya ruɗe tsawon mako guda, ashe dattin kunne ne ya toshe shi. A 2020 kwamitin masana na mujallar Lancet ya sa raunin ji cikin manyan abubuwan da ke ƙara haɗarin ciwon mantuwa waɗanda ake iya magancewa.

Suna ƙulla abota a tsakaninsu?

Suna ƙullawa, suna kuma ɓatawa. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Kowa da kujerarsa ko da ba a rubuta suna ba, kuma baƙon da ya zauna a kujerar bakin taga zai ji a jikinsa. Akwai gulma, akwai kishi kan wanda 'ya'yansa suka fi zuwa, akwai ma soyayya. Abin da dangi ba sa lura da shi shi ne mutuwar maƙwabcin tebur. Wasu gidajen sukan kwashe kayan mamaci cikin dare, gari ya waye kujera ba kowa, ba wanda ya ce uffan. Tsofaffin ba yara ba ne, a gaya musu, a ba su damar yin ta'aziyya.

Akwai wuraren da suka gwada wani salo daban?

Holan ta yi suna a nan. A garin Weesp an buɗe Hogeweyk a 2009, unguwa guda ta masu ciwon mantuwa, da tituna da kanti da gidan abinci, mutum shida ko bakwai a kowane gida, ma'aikata kuma cikin kayan gida. A Deventer, gidan Humanitas yana ba ɗaliban jami'a ɗaki kyauta, su kuma su ba tsofaffin awa 30 a wata na zama da hira. A Japan wani injiniya, Takanori Shibata, ya ƙera Paro, mutum-mutumi mai laushin gashi da siffar jaririn wata dabbar teku, yana motsi yana ɗan kuka in an shafa shi. Na ƙarshen nan zuciyata ba ta gama kwanciya da shi ba, ko da yake akwai masu samun natsuwa da shi, domin ina tsoron ranar da za a miƙa wa tsohuwa shi don a samu rage ma'aikaci.

In zan je ziyara me zan kai, me zan ce?

Zumunci a ƙafa yake: minti ashirin sau uku a mako ya fi awa huɗu sau ɗaya a wata. Shekarar 2020, da korona ta sa aka rufe ƙofofin gidajen tsofaffi a ƙasashe da yawa mutane suka koma gaisawa ta gilashin taga, ta nuna wa kowa nauyin ziyara.

Kada ka shiga da jarrabawa. "Kin gane ni? To wane ne ni?" tambaya ce da ke sa gaban mutum faɗuwa. Ka ce, "Mama, ni ne autanki, na zo gaishe ki." Zauna ta gefen kunnen da ya fi ji, kashe talabijin, yi magana ɗaya ka jira amsa ko da za ta ɗauki lokaci. Kawo hoto biyu ko uku, ba jaka guda ba. Nemi shawararsa a kan wani abu na gaske, ko da ka riga ka yanke, domin an daɗe ba a tambaye shi ra'ayinsa ba. In hira ta ƙare, yanke masa farce ko shafa mata mai a hannu shi ma ziyara ne. Wanda ya manta ka zo, daɗin zuwan kan wuni tare da shi.

Ya kamata mu rubuta labaran nan?

Ku rubuta, ko ku naɗa a waya, bayan kun nemi izininsa, kuma abin da ya ce kada ya fita kada ya fita. Ku rubuta sunayen mutanen da ke cikin hotuna a bayansu tun yana iya faɗa. Gidaje da yawa suna haɗa wa kowane mazauni ɗan littafin tarihinsa: inda ya tashi, sana'arsa, sunan da yake so a kira shi, abin da ke ba shi tsoro, yadda yake son shayinsa. Jikoki za su amfana wata rana, amma masu buƙatarsa yau su ne ma'aikatan da ba su san shi ba sai a kan keke.

Akwai wani da ya addabi ma'aikatan dare. Ƙarfe biyu sai ya fito yana bin ɗakuna yana murɗa hannun ƙofofi, a mayar da shi gado ya sake fitowa, har aka fara zancen ƙara masa maganin barci. Da 'yarsa ta zo cike littafin nan sai ta rubuta cewa shekara talatin ya yi yana gadin dare a wata masana'anta. Wata nas ta karanta, ta samo masa tocila. Daren ranar ta jera da shi suka zaga barandar, ya taɓa kowace ƙofa, ya haska bayan labule, ya ce mata komai lafiya. Ta ce, "Sannu da aiki, Baba, na karɓe ka." Ya miƙa mata tocilar ya tafi ya kwanta.